Mantuwa, Gaggawa da Amana: Jawabin Wani Ɗan Zango

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwanmu, haifaffen Agege, ya yi a taron ƙungiya na ƙarshen wata. Jama'a da dama sun nemi a buga shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba. Mun bar maganar yadda ta fito daga bakinsa, sai ɗan gyara kaɗan.



Ranka ya daɗe wakilin Sarkin Hausawa, malamanmu Allah ya gafarta muku, dattawan Zango, shugaba da 'yan kwamiti, iyayenmu mata da ke can baya, da 'yan'uwa matasa, ina yi wa kowa barka da yamma.

Na san da shugaba ya kira ni, wasu sun ce a ransu, "To, yau kuma wa ya ba wannan lasifika?" Ba ku yi laifi ba, don an san ni da surutu, an kuma san ni da fara magana a Agege in ƙare ta a Sakkwato. Minti 20 aka ba ni. Ga wayata nan a kan tebur, na sa mata ƙararrawa. In ta kaɗa, ko ina tsakiyar kalma zan zauna.

Abin da na zo da shi magana ce a kan wata larura da nake tare da ita tun ina yaro, amma ban san sunanta ba sai da na haura shekara 40. Likitoci na taƙaita sunanta da haruffa huɗu, ADHD. Da Hausa muna iya ce mata larurar tarwatsewar hankali da rashin natsuwa. Mu kuwa a Zango mun daɗe da ba ta sunaye: rawar kai, shiririta, kunnen ƙashi, ƙiriniya, gantali. Duk an kira ni da su, wasunku ma da ke zaune nan sun kira ni, kuma na yafe.

Bari in fara da wurin da muke zaune, don a gane dalilin da ya sa wannan abu ya fi yi mana ciwo a nan. Goro ne ya kawo kakanninmu Agege. Da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, sai fatauci ya buɗe, Zango ya cika. To da me aka gina wannan fatauci? Da amana. Mutum zai ɗora huhun goro zuwa Arewa a kan magana ta baki. Mai shanu zai sauke garke a hannun fatomansa, ya koma gida ya jira kuɗi. Har yau, daga Abbatuwa ta Oko-Oba zuwa Mil 12 da Alaba Rago, jarin Bahaushe shi ne a ce, "Wane in ya faɗa, ya cika." Ku duba halin mutumin da ya yi alkawari da zuciya ɗaya, ya juya baya, alkawarin ya ɓace daga kansa kamar ba a taɓa yi ba. A wani gari za a ce masa mai mantuwa ne. A Zango maci amana za a ce.

A makarantar allo ni ne na farko wajen haddace karatu, ni ne kuma na farko wajen shan bulala. Malam zai biya mini sau biyu in riƙe, sannan a nemi in zauna ina maimaitawa har hantsi, wannan ne ba zan iya ba. Ƙafata na motsi, idona na kan ƙofa, in tsokani na kusa da ni. A firamare ma haka. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kan ce, "Yaron nan kai gare shi, amma ba ya ji." Da na girma na yi sana'a ta kai bakwai: goro, shayi, tireda, acaɓa, har canji na taɓa. Kowace in fara ta da zafi kamar zan cinye duniya, bayan wata biyar ta gundure ni. A ƙarshe na tsaya a dillancin shanu, don nan ne kawai hayaniya ta dace da kaina.

Sai ranar da abin ya fashe. Dattawa da yawa a nan sun tuna. Wani bawan Allah, aminin mahaifina, ya ba ni amanar karɓar masa kuɗin shanu a hannun mahauta uku. Na karɓa. Ban rubuta ba, don a ganina ai abu uku ba ya ɓacewa mutum. Ranar lissafi aka ga kuɗin mutum ɗaya babu. Na rantse na karɓa, na kuma rantse ban ci ba, amma da aka ce to ina suke, sai na yi tsuru-tsuru. Aka zaunar da ni gaban manya a zaure. Na sayar da babur ɗina, matata ta sayar da 'yan kunnenta, muka biya. Bayan wata huɗu, ana shirin Babbar Salla, ta ɗauko babbar rigata za ta kai wa mai guga, sai ga kuɗin nan a aljihu, a ɗaure da roba, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Ashe ranar na biya ta wurin ɗaurin aure, na dawo na tuɓe rigar na rataye. Kuɗi sun dawo, jama'a, amma suna bai dawo ba. Na yi shekaru babu mai ba ni ajiyar ko da kuɗin kati.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ni kaina na yarda da abin da ake faɗa. Na ɗauka ni ɗin lalatacce ne. Na yi tuba ba adadi, na sha rubutu, na yi alkawarin gyarawa kowane watan azumi. In yi kwana uku a tsare, ranar na huɗu a aike ni sayen maganin yaro in dawo da rediyo.

Yadda aka gano kuwa, ta kan ɗana ne na biyu. Malaminsu ya kira mu ya ce yaron nan ba ya zama, ba ya gama aiki, kullum ya ɓatar da biro. Ni na ce a ƙara masa bulala, haka aka yi mana. Uwarsa ta ce a'a, bulalar da aka yi maka me ta gyara? Ban sami amsa ba. Muka je asibiti, aka tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa. Yana ta jero tambayoyi: yana katse mutane in suna magana? Yana fara abu ya bari? Yana manta inda ya ajiye kaya? Jira na yi masa wuya? Sai na ji matata ta yi wata 'yar dariya, ta ce, "Likita, ai babansa kake siffantawa." Likita ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Alhaji, in mun gama da yaro, kai ma ka dawo." Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

To yanzu ga abin da na koya, daga bakin likita da kuma abin da na bincika, don kada a ce sabon yayi ne na Turawa. Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotlan mai suna Alexander Crichton ya rubuta bayanin mutanen da ba sa iya tsayar da hankali a kan abu ɗaya. A 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi lacca a kan yaran da basirarsu lafiya lau take amma ba sa iya kame kansu. Sunan ADHD ya shiga littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1987. Da can an ɗauka larurar yara ce, in an girma ta wuce. Yanzu an tabbatar da cewa da yawa suna girma da ita, sai dai ta canza kama: yaron da ke hawa katanga shi ne magidancin da ba ya iya zama a taro, zuciyarsa na ta gudu ko da jikinsa na zaune. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta cikin jerin larurorin da ta amince da su.

Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna kusan yara 5 cikin 100 na da ita, manya kuma tsakanin 2 zuwa 3 cikin 100. Wato in mun kai 200 a wannan rumfa, ba mamaki akwai kamar mutum biyar irina. Kada kowa ya waiwaya ya dubi maƙwabcinsa! Gado ne ke da kaso mafi girma a cikinta, sama da kashi 70 cikin 100 bisa binciken da aka yi a kan tagwaye. Abin yana da nasaba da yadda sashen gaba na ƙwaƙwalwa ke aiki, wato sashen da ke tsara abu, ya tuna maka, ya ce maka dakata, da kuma wani sinadari da ake kira dofamin. Likita ya kwatanta mini da tashar mota: motoci lafiyayyu, direbobi gwanaye, fasinja sun cika, amma ɗan kamasho mai tsara layi ya tafi shan shayi. Kowa ya san yadda irin wannan tasha take kasancewa.

Iri uku ce. Akwai wanda tasa ta fi ƙarfi wajen tarwatsewar hankali: shiru-shiru ne, amma kana masa magana ya tafi wata duniya. Akwai mai motsi da gaggawa, wanda bakinsa ke riga tunaninsa. Akwai kuma wanda ya haɗa biyun, irina ke nan. Iyayenmu mata, ku saurara da kyau: mata sun fi yin irin ta farko, shi ya sa ba a cika gane tasu ba. Yarinya ba ta hawa katanga, sai dai a ce sakarya ce. Ta yi aure, tuwo ya ƙone, ta manta da zubin adashi, ɗaki a hargitse, dangin miji su ce ƙazama ce, ba ta da tarbiyya. Allah kaɗai ya san auren da ya mutu a kan wannan.

Amma fa a yi hattara. Ba duk mai mantuwa ne ke da wannan larura ba. Wanda ya tashi ƙarfe huɗu na asuba, ya yini cikin cunkoson Legas, ya kwanta sha biyun dare, dole ya yi mantuwa. Rashin barci, damuwa, baƙin ciki mai tsanani, ciwon maƙoƙo, shaye-shaye, duk suna kawo abu mai kama da ita. Kafin likita ya ce ita ce, sai alamomin sun faro tun kafin shekara 12, sun daɗe aƙalla wata shida, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da kasuwa, kuma suna yi wa rayuwar mutum ɓarna a zahiri. Ni sai da aka kira yayata ta ba da labarin yarintata. Saboda haka kada wani ya fita nan ya ce ya gano ciwonsa a bakin dillalin shanu.

Maganar magani. Akwai shi, kuma ya daɗe. Wanda aka fi sani shi ne metilfenidet, da ake sayarwa da sunan Ritalin, an haɗa shi tun 1944. Akwai wani kuma, atomoksetin. Ba sa warkar da larurar, suna dai taimaka wa mutum ya riƙe linzamin hankalinsa muddin yana sha. Suna iya rage cin abinci, su hana barci, su ɗaga bugun zuciya da hawan jini, shi ya sa sai likita ya auna ka, ya rubuta, ya riƙa bibiya. Ni na same shi da tsada, wani lokaci kuma in neme shi in rasa. Matasa, ku nake wa wannan: ba abin da za a saya a hannun mai tallar ƙwaya ba ne. Masu wannan larura sun fi saurin faɗawa shaye-shaye da haɗarin hanya, wannan sananne ne a wurin likitoci. Na san yara a unguwar nan da suka fara da tiramadol wai don su natsu a kan babur. Kun ga abin da kodin ya yi wa garuruwanmu kafin gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Ni goro ne nawa, ina cin kusan goma a yini. Yana ɗan wartsakar da ni, da dare kuma ya hana ni barci, gari ya waye kaina ya fi jiya rikicewa.

Yanzu ga yadda nake tafiyar da yinina, wataƙila wani ya ɗauki abu ɗaya. Dokata ta farko: ban yarda da kaina ba wajen ajiya. Duk abin da ya kamata in tuna, sai in fitar da shi daga kai in sa shi inda ido zai gani. Ga littafina, kun gan shi, guda ɗaya ne tak, don da na yi uku duka suka ɓace. Ko naira 500 na karɓa sai na rubuta a gaban mai ita. Da farko kunya nake ji, sai wani malami ya tuna mini cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Tun daga ranar na daina jin kunya.

Na biyu, salloli biyar su ne turakun yinina. Mu masu wannan larura lokaci ba ya mana tafiya daidai. "Ina zuwa yanzu" na iya zama awa uku, kuma wallahi ba da gangan ba. Don haka ba na cewa zan yi abu "an jima". Sai in ce bayan Azahar, in ɗaura shi a jikin salla, in sa ƙararrawa. Sabon jirgin nan na Jan Layi da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 ya ƙara koya mini darasi. Sau biyu ina isa tashar Agege ina hango bayansa, saboda na tsaya neman makulli. Yanzu akwai ƙusa ɗaya a bayan ƙofa da kwano ɗaya a ƙarƙashinta. Makulli, waya, littafi, nan suke kwana.

Na uku, ba na riƙe kuɗin mutane. Ciniki nawa ne, don in aka zo kallon sa da daidaita mai saye da mai sayarwa, a nan Allah ya yi mini baiwa. Amma kuɗi, a tura wa mai su kai tsaye ta banki, ko su bi ta hannun ƙanena, shi ke riƙe lissafi, ni a ba ni la'adata. Na huɗu, duk sayayyar da ta wuce cefane sai ta kwana. In gari ya waye ina son abin, to. Sau tari ma na manta da shi. Na biyar, in za ka ba ni saƙo a hanya, zan ce maka ka turo mini ta WhatsApp. Ba girman kai ba ne. Saƙon baki in ya shiga kunnena, kafin in kai gadar Pen Cinema ya fita.

Duk da haka ina tuntuɓe. Makon jiya na bar ɗana a Islamiyya har Magariba. Bambancin shi ne yanzu in na faɗi, na san ramin da na faɗa, ba na zama ina tsine wa kaina.

Akwai abu ɗaya da nake so a fahimta, don kada a juya maganata. Larura dalili ce, ba ta yafe hakki. In na ci bashinka, sai na biya. In na saɓa maka alkawari, sai na ba ka haƙuri. Ranar da aka zaunar da ni a zaure, dattawa ba su zalunce ni ba, kuɗin mutum sun ɓata a hannuna. Sanin sunan larurar ma nauyi ya ƙara mini, don wanda ya san ɗakinsa na yoyo ba shi da hujjar barin gado a ƙarƙashin wurin.

Roƙona ga jama'a kaɗan ne. Malamanmu, Allah ya gafarta muku, in kun ga yaro mai kai amma ba ya zama, ku gwada gajarta masa karatu, ku zaunar da shi kusa da ku, ku riƙa aikensa ɗebo ruwa ko share wuri ya motsa jiki ya dawo. Ni bulala ta koya mini ƙarya da ɓuya ne kawai. Iyayen gida a kasuwa, in yaronku na da gaskiya amma yana da shiririta, kafin ku kore shi ku canza masa wuri: ku cire shi daga kan lissafi ku sa shi kan ciniki. Magidanta da matan aure, kafin a kai ga "tafi gidanku", a tambaya ko akwai abin da likita zai duba.

Sannan mu rage tsoron asibitin ƙwaƙwalwa. Na san a Legas in aka ce an ga wane a Yaba, an gama da shi. Amma asibitin gwamnatin tarayya na Yaba, wanda asalinsa ke komawa 1907, ba na masu taɓin hankali kaɗai ba ne, kuma yana da sashen yara da matasa a Oshodi. Asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja, nan kusa da mu, da na Idi-Araba, duk suna da likitocin wannan fanni. Ga na Aro a Abekuta. Wanda iyalinsa ke gida Arewa, akwai asibitin koyarwa na Aminu Kano, da na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Ƙasar ma ta motsa: a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Addu'a kuwa ba mu bari ba, kuma ba ta hana zuwa asibiti, kamar yadda mai ciwon suga ke addu'a yana shan maganinsa. Ina ba shugaba shawara, in da hali, ƙungiya ta gayyato likita mai jin Hausa ya zo ya amsa tambayoyi, a ware wa mata nasu zaman.

Kafin in zauna, akwai bashin da nake so in sauke. Dattijon da kuɗinsa suka kwana a aljihuna ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma 'ya'yansa na nan. Ina sake neman gafararku a gaban jama'a. Duk wanda na taɓa shanyawa a tasha, ko na katse masa magana a taro, ko na ce zan zo ɗaurin aurensa ban zo ba, ya yafe mini. Ita kuma uwargida, wadda ta sayar da 'yan kunnenta ba ta taɓa goranta mini ba, Allah ya saka mata da alheri. Na mayar mata da su bara, kuma a littafin nan na rubuta don kada in manta.

To, kun ji ta, ta kaɗa. Yau dai na cika alkawari. Wanda ke da tambaya ya same ni bayan salla, amma ya tabbata na rubuta sunansa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya shirya mana zuriya, ya albarkaci Zango.